Takardar gwaji a cikin hula

Kwanakin baya wani magidanci daga Gwadangaji, manomin shinkafa a fadama, ya shigo ɗakin gwajinmu a Birnin Kebbi. Ya cire hula, ya zaro takarda a ninke, ya miƙo mini yana murmushi. CD4 ɗinsa ya kai 620.

"Likita, na warke ke nan ko? In huta da haɗiyar ƙwayar nan?"

Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwajin jini ne, amma a wurin mutanenmu duk mai farar riga likita ne. Na ce, "Malam, zauna tukuna."

CD4 su ne ƙwayoyin jinin da ke ba sauran garkuwar jiki umarni, kuma su cutar HIV ke farauta. Mai lafiya yakan sami 500 zuwa 1,500 a ɗan mitsitsin jinin da muke aunawa. In suka faɗo ƙasa da 200, cutar ta yi nisa, tarin fuka da sanƙarau sun sami ƙofa. Sai dai lambar nan ba ta zama wuri ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro, wanda ba ya raga wa mutanen fadama da damina, yana iya sauke ta. Ko jinin safe da na yamma sukan bambanta.

Akwai kuma CD8, masu kai farmakin. A jikin mai lafiya CD4 sukan fi su yawa, ma'auninsu, wato in aka raba yawan CD4 da na CD8, ya haura 1. HIV tana kifar da wannan: masu umarni su ragu, mayaƙa su yi ta ƙaruwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai a aikin nan shi ne mutum ya yi shekaru yana shan magani, CD4 ya farfaɗo, amma ma'aunin ya maƙale ƙasa da 1. Jiki bai ajiye makami ba ke nan, kuma bincike ya danganta hakan da ciwon zuciya da saurin tsufan garkuwa. An fi ganinsa ga wanda ya makara bai fara magani ba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da zarar an gano cutar, kada a jira CD4 ya faɗi.

Ba kowane asibiti ke auna CD8 ba, kada kowa ya tayar da hankalinsa. Gwajin yawan ƙwayar cuta a jini shi ne babban alƙali, kuma ko ya nuna ba a ganinta, tana nan a laɓe. A daina magani, cikin 'yan makonni ta dawo.

Da na gama bayani, Malam ya yi shiru, ya mayar da takardar cikin hula. Ya ce to a ba shi maganin wata uku, don girbi ya kusa, ba zai sami shigowa gari ba.