Yawo a tsibirin Wesan

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ko ta ina. Wanda ya taɓa zuwa Yamai ya ga ƙananan tsibirai a tsakiyar kogin Isa. Tsibirin darasinmu na yau a cikin tekun Atalantika yake. Sunansa Wesan, da faransanci ana rubuta shi Ouessant.

Ina Wesan yake?

Ku dubi taswirar Faransa. Can yamma ƙurewa akwai birnin Birest. Daga gaɓar wannan yanki zuwa Wesan wajen kilomita 20 ne a jirgin ruwa. Tsawon tsibirin kilomita 8, faɗinsa kilomita 4. Mutanensa ba su kai 1000 ba. Itatuwa kaɗan ne, don iskar teku ba ta barin su su girma. Kewaye da shi akwai duwatsu ɓoye cikin ruwa, jirage da yawa sun hallaka a kansu. A 1863 aka kunna fitilar wata doguwar hasumiya mai suna Créac'h, don ta nuna wa jirage hanya da dare.

Lokacin toho

A ƙasarmu, daga Maris zuwa Mayu bazara ce. Zafi ya yi ƙarfi, rijiyoyi sun ja baya, ciyawa ta ƙare. A Wesan kuwa, lokacin ne sanyi yake wucewa. Yini yana ƙara tsawo, ciyawa tana tohowa, tumaki suna haihuwa. Faransawa suna kiran wannan lokaci printemps.

Baƙi suna zuwa yawon ƙafa. Akwai wata siririyar hanya da ta bi bakin teku ta kewaye tsibirin, tsawonta ya fi kilomita 40. A gefenta akwai wata ƙaya mai furanni ruwan ɗorawa. Tsakanin duwatsu kuma ga ƙananan furanni, waɗansu ruwan hoda, waɗansu shuɗɗa. Duk gajeru ne saboda iska.

Tumaki da dabbar teku

Wesan ya yi suna da wata ƴar ƙaramar tunkiya baƙa. Tsayinta bai wuce santimita 50 ba. Yau mafi yawan tumakin tsibirin farare ne, sun fi ta girma. Daga ƙarshen Satumba ake sakin su, kamar yadda ake sakin dabbobi a gonakinmu bayan kaka. Ranar Larabar farko ta Faburairu a tara su, kowa ya gane nasa da shaidar kunne. Daga nan sai a ɗaure su biyu-biyu da doguwar igiya.

In mai yawo ya leƙa ƙasa, yana iya ganin wata dabba kwance bisa dutse tana shan hantsi. Sunanta phoque da faransanci. Tana numfashi da iska, tana shayar da ɗanta nono, kamar ayu na kogin Isa. Amma ayu ciyawa yake ci, ita kifi take ci.

Baƙuwar da muka sani

A watan Maris wata ƴar tsuntsuwa takan sauka a Wesan. Faransawa suna ce mata traquet motteux. Tana son tsayawa bisa dutse ko hoge, tana kaɗa wutsiya. In ta tashi, sai ka ga fari fat a gindin wutsiyarta. Namijin yana da baƙi a ido kamar ya sa kwalli. Nauyinta wajen giram 25 ne, kamar ƙwarar sukari 5.

Daga ina ta fito? Daga wajenmu. Irin wannan tsuntsuwa tana cin lokacin ɗari a ƙasashen Sahel, daga Senegal da Mali har Nijar da Cadi. A gonakinmu da aka girbe tana cin fara da tururuwa da sauran ƙwari, ta yi ƙiba. Da wannan kitse take ƙetare hamadar Sahara da Bahar Rum, yawanci da dare. Tsakanin Maraɗi da Wesan wajen kilomita 4000 ne.

A can take yin sheƙa, cikin ramin zomo ko cikin kogon dutse. Tana yin ƙwai 5 ko 6. In ƴaƴan sun yi ƙarfi, wajen Satumba, sai su kamo hanyar Afirka. Ke nan gidanta biyu ne. In an fasa ƙwanta a Wesan, gonakin Sahel sun rasa mai cin ƙwari. In yaro ya harbe ta da danƙo a nan, ramin can ya zauna babu kowa.

Dokokin mai yawo

Mai yawo ba ya barin hanya, don waɗansu tsuntsaye a ƙasa suke yin ƙwai. Ba ya matsawa bakin dutse, don iska tana iya tura shi. Ba ya sauka bakin ruwa sai ya tambaya, don teku tana cika tana janyewa sau biyu a kwana ɗaya. Ba ya tsinkar furanni, ba ya zubar da shara.

Ma'anar kalmomi

Gaɓa: inda ƙasa ta ƙare, ruwa ya fara.
Hasumiya: gini siriri mai tsawo ƙwarai.
Hoge: dunƙulen ƙasa a gona.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri?
2. Don me itatuwa ba su da yawa a Wesan?
3. Ina bambancin ayu da phoque?
4. Me tsuntsuwar take ci a gonakinmu? Wane amfani manomi yake samu?

Aiki

Ku fita bayan gari tare da malaminku. Ku tsaya shiru, ku lura da tsuntsaye. Kowa ya zana guda ɗaya, ya rubuta sunanta da inda ya gan ta. Ku tambayi tsofaffi waɗanne tsuntsaye ne suke zuwa da ɗari su tafi da bazara.