Tara Hankalinka Wuri Ɗaya

Karatu: 1 Sarakuna 20:35-43

Wani annabi ya ɓad da kama, ya tare Sarki Ahab a hanya da wani labari. Ya ce a fagen yaƙi an damƙa masa fursuna ya tsare, da sharaɗin in ya kuɓuce, ransa ne fansa ko azurfa mai yawa. Bai yi barci ba, bai karɓi toshiya ba. Hidima ce kawai ta ja shi nan da can, ya waiwayo babu mutumin. Ahab ya ce ai ya yanke wa kansa hukunci, bai san da shi ake ba, gama shi ne ya saki Ben-hadad wanda Ubangiji ya ba da a hannunsa.

'Yan'uwa, mu da ke Karaye da Rogo mun san wannan a gona. Tun da aka gama madatsar ruwan Challawa a 1992, noman rani ya samu gindin zama a yankinmu. Dubi mai ban ruwa. In ya tada inji, fangali ɗaya yake buɗe wa ruwa, ya tsaya a kansa har ya sha, ya toshe, sa'an nan ya buɗe na gaba. In ya tafi hira, wani fangalin ya cika ya fashe, wani ya bushe, fetur kuwa ya ƙone a banza.

Haka addu'ar yawancinmu take. Gwiwa tana ƙasa, zuciya tana kasuwa tana lissafin kuɗin taki. Baki yana waƙar yabo, hannu yana lalubar waya. Har a sujada nakan ga masu leƙa WhatsApp ana tsakiyar wa'azi, kuma ba matasa kaɗai ba! Ruhu Mai Tsarki yana magana, amma wa ke saurare? Abin da aka ba ka tsaro, wato zumuncinka da Allah, matarka ko mijinki, yaron da yake so ya faɗa maka damuwarsa, yana sulalewa kana cikin aikin da ba zunubi ba ne.

A wannan mako, kafin ka taɓa waya da asuba, ɗauki minti 15. Karanta aya ɗaya sau uku a hankali, ka yi shiru. In tunanin bashi ko gona ya shigo, miƙa shi ga Ubangiji, ka komo kan ayar. Zai sake shigowa, ka sake komowa.

Addu'a: Ya Uba, ka tattaro zuciyata da ta warwatse. Ka tsauta wa kowane ruhun ruɗani da ke sace mini hankali a gabanka, cikin sunan Yesu. Amin.