"Me Ya Sa?": Ina Tambaya Za Ta Tsaya?

Karatu: Yahaya 9:1-7, Ayuba 42:1-9
Ayar haddacewa: Maimaitawar Shari'a 29:29

Idan masara ta ƙi a gona, manomi mai hankali ba ya cewa "maƙiya ne" ya koma gida. Yakan tona gindinta ya duba: ƙuduji ne, tsutsa ce, ko taki ne bai isa ba? Amma idan yaro ya kwanta da zazzaɓi a tsakiyar damina, sau da yawa amsar farko muke kamawa: "Mayu ne suka kama shi." Tun ba a kai shi asibiti a Rogo ko Ƙaraye an gwada jininsa ba, an riga an nuna wata tsohuwa da yatsa. Yaro yana ta shan wahala, zumunci kuma ya lalace.

Almajirai ma haka suka yi. Da suka ga wanda aka haifa makaho, sun riga sun yanke cewa zunubi ne, neman mai laifin kawai suke yi. Yesu bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba. Ya aike shi ya wanke ido a Siluwam, ya dawo yana gani. Abokan Ayuba uku kuwa sun cika shi da bayani, Ubangiji ya yi fushi da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba.

Saboda haka, ci gaba da tambaya muddin amsar da aka ba ka tana zargin wani ba shaida, ko tana saɓa wa Maganar Allah, ko tana hana ka yin abin da yake hannunka. Ko annabci ne, a gwada shi (1 Tasalonikawa 5:20-21).

Amma tambaya tana da iyaka. Ayuba ya tambaya har ya gaji, Allah bai faɗa masa dalilin wahalarsa ba. Ya bayyana masa kansa, wannan kuwa ya ishe shi. Idan ka yi addu'a, ka nemi magani, ka bincika zuciyarka, sauran asirin Ubangiji ne. Bar shi a hannunsa, ka yi sujada.

Addu'a: Ya Uba, ka tsare bakina daga zargin maƙwabcina. Ruhu Mai Tsarki, ka koya mini lokacin tambaya da lokacin yin shiru a gabanka. Cikin sunan Yesu, Amin.