IDO KO HANKALI: DA WANNE MUKE AUNA MUTANE?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Kwanakin baya wani matashi ya tare ni bayan sallar Isha'i, ya ce, "Malam, a taya ni neman matar aure." Na ce madalla, wace iri? Ya ce fara, doguwa, mai hanci. Na jira ya ƙara wani abu, shiru. Na ce to karatunta fa, da hankalinta? Ya yi dariya ya ce, "Ai Malam wannan daga baya ne." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai ba ne.

Abin mamaki, a kasuwa ba ma yin haka. Wanda ya je sayen rake a Makarfi ko Kudan ba ya tsayawa kallon ganye, sai ya sa an yanka masa gaɓa ya ɗanɗana. Dillalin tumatir a Ikara ya san manyan ne ake jerawa a saman kwando, shi ya sa yake tura hannu ƙasa. Mazarƙwaila ba ta da kyan gani, amma kowa ya san zaƙinta. To don me idan aka zo kan mutum, wanda za ka zauna da shi shekara 40, sai ido kaɗai ya yanke hukunci? Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne.

Wannan rauni ne na ɗan Adam ko'ina. Tun a 1920 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Thorndike, ya lura cewa idan hafsoshin soja suka yaba surar jikin sojan da ke ƙarƙashinsu, sai su ba shi babban maki a basira da shugabanci ma. Alƙur'ani ya riga ya ja mana kunne. A Suratul Munafiƙun, aya ta 4, Allah Ya siffanta munafukai da jiki mai burge mai kallo da magana mai jan kunne, sannan Ya kamanta su da itatuwan da aka jingine.

Mu duba ƙissar Annabi Yusuf (AS). Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa an ba shi rabin kyau. Amma me kyan ya jawo masa? Makircin mata da zaman kurkuku na shekaru. Me ya zama sanadin fitarsa? Ilimin fassarar mafarki da tsarin ajiye hatsi na shekara 7 kafin fari. Sarki bai ɗaukaka shi ba sai da ya yi magana da shi, kuma da Yusuf ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, amana da ilimi ya ambata. Bai kawo zancen fuskarsa ba.

Ga kuma Aɗa'u bin Abi Rabah, muftin Makka a zamanin Tabi'ai, wanda ya rasu wajen shekara ta 114 bayan Hijira. Malaman tarihi sun ce baƙi ne, mai shanyayyen hannu, yana ɗingishi, ido ɗaya gare shi, daga baya ma ya makance. Duk da haka an ruwaito cewa Halifa Sulaiman bin Abdulmalik ya zo da 'ya'yansa suka zauna gabansa suna tambayar hukunce-hukuncen Hajji. Ka faɗa wa kanka gaskiya: da mutum mai wannan kama ya zo neman 'yarka yau, za ka ba shi tabarma?

A nan ƙasarmu, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta rasu tun 1864. Har yau ba siffar fuskarta ake karantarwa ba. Rubuce-rubucenta da Fulatanci da Hausa da Larabci, da tsarin 'yan taru da ta kafa don ilmantar da matan karkara, su suka riƙe sunanta.

Kada a fahimce ni baibai. Musulunci bai ce ka rufe ido ba. Annabi (SAW) ya umarci Mugira bin Shu'uba ya je ya kalli matar da yake nema, don hakan ya fi sa zama ya ɗore. Hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim ya lissafa kyau cikin abubuwa 4 da ake auren mace dominsu, tare da dukiya da nasaba da addini, sannan ya fifita addini. Kyau yana da gurbinsa, matsalar ita ce ya zama shi ne liman.

Kuma hankalin da nake nufi ba wayo ba ne, ba kuma yawan takardu ba. Larabawa sun kira shi "aƙlu", tushensa ɗaya da "iƙal", igiyar da ake dabaibaye raƙumi da ita. Mai hankali shi ne wanda tunaninsa ke ɗaure shi daga ɓarna.

Ku dubi abin da ma'auninmu ya haifar. 'Yan matanmu suna jin samari fara suke so, sai su faɗa shafe-shafen man bilicin. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makuri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin yana lalata ƙoda. Su ma 'yan mata sukan zaɓi mai shadda da tsayi, a bar mai sana'a da kunya. Wata 6 da biki sai a zo mana zaure ana neman sulhu, wani lokaci ma takarda ta riga ta fita.

Shawarata:

1. Kafin ka yanke hukunci a kan mutum, ka saurare shi. Ka ga yadda yake idan ya yi fushi, da yadda yake riƙe amana.
2. Iyaye, ku daina kiran ɗaya "kyakkyawar gida" a gaban 'yar uwarta. Ku yabi wadda ta kawo hadda da wadda ta faɗi gaskiya.
3. Mai neman aure, ka duba wadda ta kwanta maka, amma ka tambayi kanka: wannan za ta iya tarbiyyar 'ya'yana idan ba na nan?

Shi matashin nan na ce masa ya dawo da jerin da ya fi wancan tsawo. Ina nan ina jiransa.

Allah Ya kyautata halayenmu kamar yadda Ya kyautata halittarmu. Wallahu a'alam.