Darasin Wannan Wata: Sa'a a Filin Sukuwa da Sa'a a Gona

Darasin wannan wata a kan sa'a ne. Abin da ya sa muka ɗauko shi kuwa, wani abin baƙin ciki ne da ya sami wata ƙungiya tamu a kakar albasar da ta wuce. An aiki wani saurayi, ɗan ƙungiya, ya kai buhu 12 kasuwa. Ya sayar, kuɗi suka shiga hannunsa. Kafin ya iso gida sai ya zuba rabinsu cikin cacar ƙwallo ta wayar hannu, wai yana so ya ninka su, ya mayar wa ƙungiya nata, ya riƙe ribar. Ko kwabo bai dawo ba. Da dattawa suka zaunar da shi, bai yi musu ba. Cewa ya yi wasa 10 ya zaɓa, 9 suka fito daidai, na ƙarshen ne ya kashe shi. Sa'a ce kawai bai yi ba. Waɗansu ma a wurin har suka tausaya masa, suna cewa saura ƙiris.

Wannan "saura ƙiris" shi ne muke so mu bincika tare. Bari mu fara da doki, gama ƙasarmu ƙasar dawaki ce tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗinsa, inda kuma aka binne shi a 1837.

Duk wanda ya taɓa kallon sukuwa a lokacin Salla ya san yadda abin yake. Ga akawal, ga kili, ga danda, kowane da mahayinsa. A sake su, ƙura ta tashi. Sau da yawa ingarman da kowa ya sa wa ido shi ke zuwa na fari. Amma wata rana sai majayi ya tsinke, sirdi ya karkace. Ko kofato ya faɗa ramin gafiya. Ko yaro ya gilma, doki ya yi tutsu. Sai ka ga wani ƙuru da ba wanda ya kula da shi ya wuce. Ranar nan mutane su koma gida suna cewa sa'a ta fi manyan kaya.

Haka yake a ko'ina. Dattawa suna tunawa da 1956, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi mata babban hawan daba, lokacin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, yana Firimiyan Jihar Arewa. Bayan wannan hawa, a watan Maris, aka yi babbar sukuwar Ingila ta tsallake shinge a filin Aintree, kusa da Liverpool. Dokin mahaifiyar Sarauniya, mai suna Devon Loch, ya tsallake shingaye duka, ya ba sauran rata, saura kamar yadi 40 ya isa. Ba wanda ya taɓa shi, ba abin da ya tare shi. Sai kawai ya yi tsalle ya faɗi rub da ciki. Wani doki ya zo ya wuce shi ya ci. Har yau masana dawaki ba su daidaita a kan abin da ya kā da shi ba.

A filin nan dai, a 1967, aka ga kishiyar wannan. Akwai wani doki, Foinavon, wanda masu caca suka raina har suka sa masa 100 a kan 1, watau wanda ya sa fam ɗaya a kansa zai ci fam 100. Mai dokin ma bai zo kallo ba. Da aka kai shinge na 23, wani doki da ya riga ya yar da mahayinsa ya gitta a gaban na gaba, suka yi karo, suka tare hanya, waɗansu suka faɗi, waɗansu suka ƙi tsallakewa. Foinavon kuwa yana can baya, saboda haka mahayinsa ya sami zarafin ganin kafa, ya bi ta gefe ya tsallake. Shi ya ci. Daga baya har aka sa wa shingen sunansa.

Masu son caca suna ƙaunar wannan labari ƙwarai. Amma ku lura da abin da ba su faɗa. Sukuwar nan kusan mil 4 da rabi ce, shingayenta 30. Kafin Foinavon ya kai wurin da sa'a ta same shi, sai da ya tsallake 22 da ƙafafunsa. Bayan ta same shi kuma, sai da ya tsallake sauran 7, ga waɗanda suka sake hawa suna biye da shi. Da dokin bai ƙoshi ba, da ba a hore shi ba, da kafar nan ta buɗe a banza. Wani ne ya yi watanni yana tashi da asuba yana ba shi abinci, yana share barga, yana fita da shi kilisa. Mu ma nan mun san dokin da ke cin dawa da harawa da dusa da ɗan kanwa, mun kuma san wanda aka bari a turke yana cin iska. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki a taronku, ku karanta Karin Magana 21:31 da Mai Hadishi 9:11. Wuri na fari yana magana a kan shirya doki, yana kuma nuna wanda nasara take hannunsa. Na biyun yana tuna mana ba kullum mai sauri ke cin tsere ba. Ayoyin nan biyu ba su yi gāba da juna ba. Akwai rabon aiki da aka ɗora wa mutum, akwai kuma abin da aka ɓoye masa. Abin da muke kira sa'a, sunan da muka ba wannan ɓoyayyen sashe ne, don ba mu iya ganinsa tun da wuri. Ga Ubangiji kuwa ba abin da yake katari.

Sauran wasanni ba sai mun daɗe a kansu ba. A gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Afirka da aka yi a Maroko a 1988, Aljeriya da Kwaddebuwa sun yi kunnen doki a kome, har sai da aka jefa ƙuri'a, ta faɗa wa Aljeriya. Da ta haɗu da Nijeriya aka tashi 1 da 1, aka koma bugun daga kai sai mai tsaron gida, Nijeriya ta ci 9 da 8. A wasan ƙarshe Kamaru ta ci mu 1 da nema. A kokawa ma haka ne. Masu sauraron kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, sun sha jin ƙato ya zame a kan yashi, ƙaramin yaro ya kā da shi. Sai a ce layar yaron ta fi ƙarfi. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Zamewa ce, kuma kowa yana iya zamewa, da guru ko babu.

Ga babban abin da za mu riƙe daga wasannin nan. A karo ɗaya, sa'a tana da babban rabo. A karo da yawa, rabonta yana ƙanƙancewa. Ƙuru yana iya tsere wa ingarma sau ɗaya. A sake su sau 20, za a ga bambanci. Ƙaramin ɗan kokawa yana iya kā da gwani yau, amma a bi su har ƙarshen kaka, a ƙirga. Mai gidan caca ya san wannan sarai, a kansa ma ya kafa sana'arsa.

Bari mu yi lissafin a fili. A ce wasa ne wanda ko wannan ya ci ko wancan, ƙarfinsu ɗaya. Audu ya sa naira 1,000 a kan wannan, Bitrus ya sa 1,000 a kan wancan. Mai gidan caca ya karɓi 2,000. Wanda ya ci ba a ba shi 2,000 ɗin duka, sai a ba shi, misali, 1,900. Naira 100 ta zauna. Ko Audu ya ci, ko Bitrus, wannan 100 ba ta motsi. A yi haka sau dubu dubbai kowace rana. Shi mai gidan ba ya bukatar sa'a ko kaɗan. Masu zuwa ne ke bukatarta.

Yanzu mu komo ga saurayinmu da wasanninsa 10. In kowane wasa rabi da rabi ne, cin wasa ɗaya hanya 1 ce cikin 2. Cin biyu a jere, 1 cikin 4. Uku, 1 cikin 8. Ku yi ta ninkawa: 16, 32, 64, 128, 256, 512, har 1,024. Watau cikin mutum 1,024 da suka cika irin takardar nan, mutum guda ne ake sa ran zai fito. Waɗanda za su sami 9 su rasa ɗaya kuwa, wajen mutum 10 ne. Kun ga ke nan masu cewa "saura ƙiris" sun ninka mai ci sau 10, kuma dukansu hannu wofi suke komawa gida, daidai da wanda bai sami ko ɗaya ba. Wannan ƙiris ɗin shi ne tsutsar da ke bakin ƙugiya. A wasan ƙwallo ma abin ya fi haka wuya, gama akwai kunnen doki, hanya ta zama uku. Maƙwabtanmu Musulmi sun hana 'ya'yansu caca, mu ma mun hana. A nan bakinmu ɗaya.

Wani zai ce, to ai noma ma caca ne. Mun sha jin wannan magana, kuma ba za mu yi kamar babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984. A wannan shekara ta 1984 aka gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima, mutane suka ce an rabu da zaman jiran sama. Sai ga shi a watan Satumba na 2010 ruwan nan ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da gidaje a ƙauyuka masu yawa na kwarin Rima, ya tafi har ya yanke hanyar jami'a a Sakkwato. Wanda ya yi noma da kyau da wanda ya yi na ganin dama, ruwa bai tambaye su ba. Ga kuma rashin zaman lafiya na shekarun nan, wanda ya raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa. Waɗannan duka sun fi ƙarfin manomi, kamar yadda faɗuwar Devon Loch ta fi ƙarfin mahayinsa.

Duk da haka akwai bambanci babba. A gidan caca ba a haifar da kome. Kuɗin Audu ne ke komawa aljihun Bitrus, mai gida yana yankar nasa a tsakani. A gona kuwa mudu ɗaya na iri yana zama dami da yawa, kuma cin da ka yi bai zama hasarar maƙwabcinka ba. Har wa yau, a gona mutum yana da ikon rage rabon sa'a, ta hanyar nan da muka gani a filin sukuwa, watau ya yawaita karo. Kakanninmu da suka haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, abin da suke yi ke nan. Wanda yake da gona a tudu da wata a fadama, ya kuma yi lambun albasa ko tafarnuwa da rani, ya ɗaure 'yan tumaki biyu a gida, dawaki huɗu ya saka a fili. Da wuya su faɗi duka rana ɗaya.

Ƙungiyar gama kai ita ce ta fi kome yin wannan aiki. Manomi ɗaya, shekara ɗaya, tsere ɗaya ne. Manoma 20 masu rumbu ɗaya da asusu ɗaya, tsere 20 ne kowace shekara. Wanda ruwa ya ci shinkafarsa bana, rumbun ƙungiya ya ranta masa iri, baɗi ya biya. Ku tuna da shawarar Yusufu a Farawa 41, yadda aka ware kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi. Kowace ƙungiya ta duba abin da za ta iya warewa, ko da bai kai haka ba. Haka kuma batun farashi. Kowa ya san albasa tana araha a lokacin cirewa, ta yi tsada wajen ƙarshen shekara. Wanda ya riƙe dukan amfaninsa yana jiran rana ɗaya mai tsada, ga ruɓewa tana cin ta a ajiya, shi ma ya fara shiga sahun masu caca. Gara a raba uku: a sayar da kashi ɗaya nan da nan don biyan bashin taki da man injin, a riƙe sauran a rumfa mai iska, a riƙa fitarwa kaɗan kaɗan.

A taronku na gaba, shugaba ya zo da hula da ƙwayar wake biyu masu girma ɗaya, fari da ja. Kowane ɗan ƙungiya, har da matasa, ya sa hannu ba tare da dubawa ba, ya zaro ɗaya, a mayar, a girgiza, ya sake. Wanda ya zaro ja ya zauna. Magatakarda ya rubuta sau nawa kowa ya zaro fari a jere. Ku ga ko za a sami wanda zai kai 10. In ba a samu ba, ku sake zagayawa har lokacin addu'ar rufewa ya yi.

Game da saurayin nan kuwa, ƙungiyarsa ba ta kore shi ba. Ta yanke cewa zai biya cikin kaka biyu, daga amfanin lambunsa. Ta kuma kafa doka cewa daga yanzu mutum biyu ne za su riƙa kai kaya kasuwa, a ƙirga kuɗin a gaban ma'aji a ranar da suka dawo, a rubuta a littafi. Muna roƙon sauran ƙungiyoyi su tattauna wannan doka, su aiko mana da abin da suka shirya kafin fitowa ta gaba.