Darasin Lafiyar Iyali: Ƙaiƙayin Fata da Man Shafawa Mai Sitiroyid

Karatu: Littafin Firistoci 13:1-8, 2 Sarakuna 20:1-7

Gabatarwa

Da zarar hunturu ya kama, barci yakan ƙaurace wa gidaje da yawa. Yaro ya kwana yana susa har fata ta yi jini, gari na wayewa uwa ta nufi kemis. Sau da yawa abin da akan miƙo mata shi ne man shafawa mai sitiroyid. Tun shekarar 1952 likitoci suke magance kumburin fata da irin wannan mai, yana kuwa da amfani ƙwarai. Amma ya sha lalata fatar yara a hannun iyayen da suke ƙaunarsu, saboda rashin sanin ƙa'idarsa.

1. A fara sanin ciwon

A Littafin Firistoci sura 13, idan ciwon fata bai fito fili ba, firist yakan keɓe mai shi kwana bakwai, sa'an nan ya sake dubawa kafin ya yanke magana. Akwai hikima a nan: ba kowane ƙaiƙayi ne iri ɗaya ba.

Ciwon da likitoci suke kira ekzima yakan busar da fata, ta yi kaushi, tana ƙaiƙayi. Ga jarirai ya fi fitowa a kumatu, ga yara kuwa a lanƙwasar hannu, bayan gwiwa da wuya. Yakan bi jini, sau da yawa tare da asma. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba sammu ba ne, ba kuma hukuncin zunubi ba. Wannan ne sitiroyid yake kwantarwa.

Sai dai a Nijeriya mutane sukan kira ƙyasbi da sunan ekzima, alhali ƙyasbi da makero ƙwayar cuta irin ta fumfuna ce take kawo su, ƙazuwa kuma ƙananan ƙwari. Idan aka shafa musu sitiroyid, ƙaiƙayin yakan lafa, ciwon kuwa ya ci gaba da yaɗuwa a ɓoye. Saboda haka likita ne ya kamata ya duba tukuna.

2. A shafa da ma'auni

Mayukan nan ƙarfinsu ya bambanta, sunan kuwa yana rubuce a jikin kwali. Hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100 shi ne mai sauƙi, wanda akan ba yara, ko domin fuska. Betamethasone ya fi shi ƙarfi, clobetasol kuma ya fi su duka.

Ma'aunin shi ne: a matso man daga kan yatsan manuni na babban mutum zuwa gaɓar farko. Wannan kusan rabin giram ne, ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. A shafa kaɗan a kan wurin ciwon kaɗai, sau ɗaya ko biyu a rana, yawanci kwana 7 zuwa 14, sa'an nan a wanke hannu. Man kaɗanya ko basilin kuwa a riƙa shafa shi kullum bayan wanka, ko da ciwon ya lafa, a bar tazarar kamar minti 30 tsakaninsa da maganin. A guji sabulu mai zafi, a yanke wa yaro farce.

3. Inda haɗarin yake

Waɗansu iyaye mata sukan gauraya mai mai ƙarfi, musamman irin wanda ya haɗa magunguna uku, cikin man shafawar jariri wata da watanni. Waɗansu kuma domin hasken fata suke shafa shi. Ƙarshensa fata ta yi siriri, nankarwa da ƙuraje su fito. Fatar jariri tana tsotse maganin zuwa cikin jini, har fuska ta kumbura, girma ya tsaya. Kusa da ido kuwa yana iya jawo hawan jinin ido ko yana. Wanda ya daɗe yana shafawa kada ya daina farat ɗaya, sai da shawarar likita. Haka kuma tsoron maganin har a bar yaro cikin azaba ba daidai ba ne. Idan wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya shiga, a garzaya asibiti.

4. Addu'a da magani

Sarki Hezekiya ya yi kuka ga Ubangiji, Ubangiji ya ji shi, ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Warkarwa daga wurin Allah take, amma an bi umarni, aka sa maganin inda ciwon yake. Iyalin Kirista ba za su raba addu'a da bin ƙa'idar magani ba, gama jikin yaro amana ce daga wurin Ubangiji.

Tambayoyi

1. Don me firist yakan jira kwana bakwai kafin ya yanke magana?
2. Waɗanne mayuka suke a gida yanzu, wa ya rubuta su?
3. Ta yaya Zumuntar Mata za ta taimaki sababbin iyaye a kan wannan?

Abin addu'a: A roƙi Ubangiji domin yaran da ciwon fata yake hana su barci, da iyayensu, da ma'aikatan asibiti.