Ƙin Cin Abinci Ga Ɓeran Masar: Dalilai Da Matakan Ceto

Gabatarwa

Ɓeran Masar ƙaramar dabba ce da ta samo asali daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, inda mutanen Peru da Bolibiya suka daɗe suna kiwonta domin nama. A ƙasar nan wasu gidaje na ajiye shi don sha'awa, wasu kuma don nama da taki. Babba yakan kai nauyin giram 700 zuwa 1,200.

Mai kiwo, ka sani cewa ɓeran Masar mai lafiya yini yake yi yana ci. An halicci hanjinsa ne don ya riƙa aiki dare da rana. Idan ya daina ci, hanjin yakan tsaya, iska ta taru a ciki, hanta ta soma lalacewa. Saboda haka duk ɓeran da ya yi awa 12 bai ci ba yana cikin haɗari, kuma kada a bar lamarinsa sai gobe.

Alamomin da za ka lura da su

1. Abincin da ka zuba da safe yana nan har yamma.
2. Kashinsa ya ragu, ya ƙanƙance, ko ya ɗauke gaba ɗaya.
3. Ya daina kukan da ya saba yi idan ya ji motsin ciyawa.
4. Ya takure a lungu, gashinsa ya tashi, idanunsa sun faɗa.
5. Nauyinsa yana raguwa.

Wannan dabba takan ɓoye ciwo har sai ya yi nisa. Don haka ka riƙa auna kowane ɗaya a sikeli sau ɗaya a mako, kana rubutawa. Raguwar giram 50 ko fiye a cikin mako guda abin bincike ne.

Dalilan da ke jawo ƙin ci

Matsalar haƙora. Ɓeran Masar yana da haƙora 20, kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ƙarshen rayuwarsa. Taunar ciyawa ce ke goge su. Idan dusa da hatsi suka fi yawa a abincinsa, matauna sukan yi tsawo su danne harshe ko su yanki kumatu. Za ka ga yana zuwa wurin abinci, ya ɗauka ya saki, miyau yana jiƙa haɓarsa.

Ƙarancin bitamin C. Kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya iya haɗa wannan sinadari, dole sai daga abinci. Babba yana buƙatar miligiram 10 zuwa 25 a kullum, mai ciki kuwa 30 ko fiye. Idan ya rasa, cikin mako 2 zuwa 3 gaɓoɓinsa sukan kumbura, dasashi ya yi jini, tauna da tafiya su gagare shi.

Zafi da ƙishirwa. Ya fi jin daɗi a digiri 18 zuwa 24 na ma'aunin Selsiyos. Idan zafi ya kai digiri 30, musamman a ƙarƙashin rufin kwano, yakan kwanta yana haki ya bar ci. Haka kuma idan ruwa ya ƙare ko ya ƙazantu.

Canjin abinci ko wuri. Yakan ƙi abin da bai saba da shi ba tun yana ƙarami. Sabon keji, hayaniya, ko babba mai korar ƙanana daga mazubi duk suna hana ci.

Gubar ciki ga mace. Takan ɗauki ciki na kwana 59 zuwa 72. A makonni biyu na ƙarshe da makon farko bayan haihuwa, mace mai ƙiba da ta daina ci tana iya mutuwa cikin 'yan kwanaki.

Cututtuka. Ciwon huhu, zawo, ƙurji a wuya da tsakuwar mafitsara duk suna kashe sha'awar abinci. Zomo na iya ɗauke da ƙwayar cutar huhu ba tare da alama ba, ya sa wa ɓeran Masar.

Matakan da za ka ɗauka nan take

1. Ka ware shi a wuri mai tsabta, mai inuwa da iska, inda zai iya jin motsin 'yan uwansa.
2. Ka taɓa cikinsa a hankali. Idan ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kada ka ɗura masa komai, ka garzaya wurin likitan dabbobi.
3. Idan cikin da laushi, ka miƙa masa ɗanyar ciyawa mai taushi da ganyen da ya fi so.
4. Idan ya ƙi, ka daka ciyawa ko ka jiƙa abincinsa na kamfani da ruwan ɗumi har ya zama kamar kunu. Ka cire allura daga ƙaramin sirinji, ka yanke bakinsa, ka riƙa ba shi ta gefen baki kaɗan kaɗan, kana jira ya haɗiye. Ka maimaita bayan kowace awa 3 zuwa 4.
5. Ka riƙe shi a zaune bisa ƙafafunsa. Kada ka kwantar da shi rigingine, domin yana iya shaƙewa.
6. Ka ba shi ruwa mai tsabta. Bukatarsa ta yini ta kai kimanin mililita 100 ga kowane kilo na nauyinsa.
7. Ka kai shi ga likitan dabbobi a ranar. Ɗura tana riƙe rai ne kawai, likita ne zai gano tushen ciwon.

Gargaɗi

Kada ka ba ɓeran Masar fenisilin, amfisilin, amoksisilin ko maganin kaji da na mutane da ke gida. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyi masu amfani da ke hanjinsa, su jawo zawo mai kisa. Haka kuma kada ka yanke masa haƙori da almakashi ko filaya, domin haƙorin yakan tsage.

Rigakafi

Ka tabbata ciyawa ce mafi yawan abincinsa, irin su kyasuwa, gamba da harawa mai kyau, kuma kada ta yanke masa. Ka ƙara masa tattasai, ɗan yankin gwaiba, ganyen zogale ko na dankalin Hausa a kullum domin bitamin C. Abincin kamfani da ya wuce wata 3 a ajiye ya rasa yawancin bitamin ɗinsa. Ka guji ciyawar da aka yi wa feshi, abinci mai fumfuna, albasa da ganyen dankalin Turawa. Sabon abinci a shigo da shi sannu sannu cikin mako guda. Ka raba kejinsa da na zomaye, ka share shi akai akai, kuma kada ka bar mata su yi ƙiba kafin barbara.

Domin ƙarin bayani, sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku ko asibitin dabbobi mafi kusa.